Hudar da Labo Ya Yi

Rumfar Labo tana bayan kasuwar Ƙonni, a layin masu gyaran keke. Na yi shekaru ina wucewa ta gabanta a kan hanyata ta zuwa buro, wato ofishinmu na kula da lafiyar dabbobi, ban taɓa tsayawa ba. Ranar da na fara shiga, sandar fatsar ɗana Sadiƙu ce a hannuna. A ƙarshen daminar bara aka tsamo gawarsa daga ruwan Doguwar Gaɓa, sandar tana ɗaure da igiya a wuyan hannunsa na dama. Ya gama karatunsa ke nan a Tawa, yana jiran aiki. Bayan addu'ar arba'in mahaifiyarsa ta ce ba ta son ta ƙara ganin sandar a gidan. Ni kuma na kasa jefar da ita, sai na ga ya fi in mayar wa wanda ya yi ta.

Na tarar da shi yana aiki. Mutum ne siriri, ya kusa sittin, furfura a gemu kawai. Injin da yake juya itace da shi, shi ya haɗa abinsa da ƙafar tsohon keken ɗinki da wilin keke da bel na fata. Yana takawa, itacen yana juyawa tsakanin tsinin ƙarfe biyu, shi kuma yana kanga masa bakin ƙarfen sassaƙa, ɓawon yana zuba a kan cinyarsa. Da ya ga abin da na riƙo sai ƙafarsa ta tsaya.

Ya miƙe ya yi mini ta'aziyya yadda ake yi, ya karɓi sandar da hannu biyu. Sandar fatsa a nan doguwar gora ce da ake kawowa daga kudu ta iyaka. Gora kowa yana iya saye. Abin da Labo ke yi shi ne sassan itace: mariƙin da ake cusa gindin gorar a ciki, da kwarkwaron naɗe zare, da ɗan guntun tumfafiya da ke iyo a kan ruwa ya nuna in kifi ya taɓa ƙugiya. Ya dubi gorar, ya dubi kwarkwaron, sannan ya juya mariƙin. A gindinsa akwai huda, kuma ragowar igiyar tana nan cikinta.

"Wa ya yanke wagga igiya?" in ji shi.

"Waɗanda suka tsamo shi. Ba su iya kwance ta ba."

Ya ɗora yatsa a kan hudar, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Ni na huda nan," ya ce.

Na ce masa ban zo don in ɗora wa kowa laifi ba.

"Na sani, Likita. Zamna."

Na zauna. Daga ranar nake zuwa, kuma abin da zan faɗa a kansa a wannan bencin na ji shi, ko na gani da idona.

A wani ƙauye kusa da Dogarawa aka haife shi, gidan manoman gero da wake. Yana saurayi aka yi shekarar da hatsi bai yi ba, ya tafi Badaguishiri neman abin yi, ya faɗa hannun wani maƙerin Buzu mai sassaƙa ƙafafun gado. Wannan mutumin da baka da tsirkiya yake juya itace, ya riƙe ƙarfen da yatsun ƙafa. A wurinsa Labo ya koyi abin da ya riƙe har girma: aiki bai ƙare ba sai an ja zanen mace a kansa bai kama ko zare ɗaya ba. Sai a bi itacen da magagari, a bi shi da sanfefa, a bi shi da busasshen ganyen ɓaure, a damƙi ɓawon da ya zuba daga jikinsa a goge shi da shi. Daga ƙarshe a shafa man kaɗanya da kakin zuma yana juyawa, har zafin gugar ya narkar da su su shige ciki. Da gadajen ƙarfe suka cika kasuwa, sai aikin ƙafar gado ya mutu. Labo ya dawo Ƙonni yana yin duk abin da ya samu, daga ƙotar wuƙa zuwa mazari.

Itace mai kyau ya yi wuya yanzu, saboda haka tsofaffin taɓare yake nema. In taɓarya ta karye a gida, matan unguwa sun san inda za su aika da ita. Ya ce itacen da ya yi shekaru yana daka ya gama duk motsin da zai yi, ba ya ƙara tsagewa ko lanƙwasa.

Doguwar Gaɓa kuwa ba tafkin asali ba ne. Rami ne da aka haƙa ana ɗibar ƙasa lokacin aikin hanya, gabas da Tsarnawa, aka tafi aka bar shi. Wata shekara ruwan gulbin Majiya ya yi ambaliya ya cika shi, ya shigo da kifi, bai ƙara ƙafewa ba. Gaɓarsa a tsaye take kamar bango, ta laka ce, kuma a ƙarƙashin ruwan akwai itatuwan ƙaya da suka tsiro a ramin kafin ya cika. A cikinsu ramboshi yake zama, wato babbar tarwaɗar nan da kan kai tsawon mutum.

Wanda ya fara kawo wa Labo gora shi ne Malami, taubashinsa. Mahaifiyar Labo da mahaifin Malami uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka tun suna yara ba sa haɗuwa sai da zagi da dariya. Malami a da injin niƙa yake tsaro, har ranar da bel ya kama masa hannun dama ya tafi da babban yatsa da manuniya. Hannun hagu kuma tun da ya karye a ƙuruciya bai ƙara ƙarfi ba. Fartanya ta gagare shi, sai ya koma ruwa. Labo ya yi masa mariƙi na itacen kirya, ya goge shi yadda ya saba goge ƙafar gado, har mutum yana ganin fuskarsa a ciki.

Itacen da ya sha mai da kaki ba ya shan ruwa, shi ya sa ba ya ruɓewa. Amma in hannu ya jiƙe da yauƙin tarwaɗa, sulɓi yake kamar sabulu. Mai yatsu biyar ma da ƙyar yake riƙe shi, balle mai uku. Malami ya dawo ya ce kifi ya kusa tafiya da sandar. Labo bai yi tunanin rage sheƙin ba, don a wurinsa wannan ɓata aiki ne. Sai ya sa ƙarfe a wuta, ya huda gindin mariƙin, ya zura igiya, ya ɗaura wa taubashinsa a wuyan hannu.

Malami ya zama wanda ya fi kowa kama kifi a Doguwar Gaɓa. Ba igiyar ce ta sa ba, haƙuri ne da sanin ruwa, amma matasa abin da ido ya gani suka ɗauka. Kowa ya zo sai ya ce a yi masa irin ta Malami, mai sheƙi, mai huda. Labo ya yi ta hudawa. Har ya kai in aka ga mutum a bakin ruwa ba igiya a hannu, sai a ce sabon shiga ne.

Kifi ba ya rinjayar babban mutum da ƙarfi tsagwaronsa. Abin da ke faruwa shi ne, ramboshi yana fizga sau ɗaya, mutum yana tsaye a kan jiƙaƙƙiyar laka, sai ƙafa ta zame. Wanda sanda kawai ya riƙe zai sake ta ya yi iyo ya fito. Wanda ya ɗaure ta a hannu zai bi ta. Kifin yana shigewa cikin ƙayar da ke ƙasa, zaren roba ya naɗe a reshe, zaren nan kuma ba ya tsinkewa da wuri. Sadiƙu ya iya iyo tun yana lakwal, wato firamare.

Kafin shi an rasa wani mai lambu daga Tsarnawa a wurin. Mutane suka ce ruwan yana da masu shi, aka yi sadaka, aka ci gaba. Labo ma haka ya ɗauka, don ba wanda ya kawo masa sandar wancan.

Ranar kasuwa ta farko bayan zuwana, ya aika wa masu fatsa cewa kowa ya kawo sandarsa a yi mata gyara. Duk wadda ta zo, sai ya yanke igiyar, ya toshe hudar da itace, ya ɗora mariƙin a inji ya tsattsaga masa zobba masu zurfi inda yatsu za su kama. Ina kallonsa yana sa ƙarfe a kan sheƙin da ya yi da hannunsa. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba. Wasu suka yi gunaguni, wani ya ce an mayar masa da sanda kamar muciya. Amma ina zaune a bencin, kuma sun san ko ni wane ne. Ba wanda ya iya cewa a mayar masa da igiyarsa a gabana. Labo bai taɓa roƙona in zauna don haka ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Kafin sanyi ya wuce an kawo kusan duka. Malami bai kawo tasa ba.

Muka je gidansa a kan moto, wato babur, wata safiya. Muka same shi a zaure yana ɗaura ƙugiya da haƙori da yatsunsa uku, gajere ne mai faɗin ƙirji. Ya gaishe ni da ladabi, ya yi mini ta'aziyya, ya ce Sadiƙu yakan zauna kusa da shi a bakin ruwa, ba ya surutu. Sannan ya juya ga Labo.

"Kai kuma, ɓarawon taɓaren mata, mi ya kawo ka? In tuwo ne, an sauke tukunya."

"Wa zai zo cin tuwo gidan da kifi ke ciyar da maigida? Ba ni sandar."

"In ba ka ka yi mata kaciya kamar sauran? Na ga ta abokin fatsata Idrissa. Ko akuya ba a kora da ita."

"Malami, ba wasa na zo ba."

"To, ni ma." Ya ɗaga hannunsa na dama, ya buɗe shi a gaban fuskar Labo. "Diba nan. Tsaga zobbanka ɗari. Da mi zan kama su? Kai ka gwada mini. Naɗe yatsu biyu ka riƙe."

Labo ya ɗauki sandar, ya naɗe babban yatsa da manuniya, ya riƙe da sauran. Malami ya kama bakin gorar ya ɗan ja. Ta fita daga hannun Labo ba wuya.

"Ka gani, bawana? Wannan ko kifin miya bai kai ba."

Daga cikin gida ana jin ƙamshin suya. Matarsa Hindu ita ke soya abin da ya kamo ta kai tasha, kuma da wannan gidan yake ci, don gonarsu ba ta kai su ko tsakiyar rani. Labo ya san haka fiye da kowa. Ya ajiye sandar, muka fito.

Muka kama hanya har muka iso gudiro, wato kwalta. Ya ce, "In na raba shi da igiya na raba shi da abinci. In na bar mishi, ruwa zai ci shi. Kuma ni na ɗaura mishi."

Kwanakin da suka biyo baya bai karɓi aikin kowa ba. Ya yi ta sassaƙa ƙananan abubuwa yana zubarwa. Abin da ya tsaya a kai daga ƙarshe shi ne wannan: sabon mariƙi, mai kauri a ƙasa don ya tokare tafin hannu, da rami a gindinsa. A cikin ramin sai a cusa ɗan turke na itacen dashi, mai taushi, a ɗaura igiyar a jikin turken. Ya sassaƙe wa turken wuya siriri. In ja ya yi daidai, turken zai riƙe. In ya wuce abin da ƙafar mutum za ta iya tsayawa a kai, wuyan zai karye, sanda ta tafi, mutum ya tsaya.

Sauran sanin kaurin wuyan. Wannan ni da shi muka yi, a tsakar gidansa. Ya kwaɓa laka ya shimfiɗa a gefen rijiya, ya zuba mata ruwa, ya tsaya a kai ba takalmi da igiyar a hannu. Ni kuma na kama bakin gorar ina fizga. Turken farko bai karye ba, Labo ya zauna daɓas cikin laka. Matarsa ta leƙo daga madafa ta ce in mun gama wasan yara a wanke mata bakin rijiya. Turke na biyu ma haka. Wani kuma tun ban fizga ba ya ɓalle. Muka yi ta yi, yana komawa inji da laka a wando yana rage wuyan kaɗan-kaɗan, har muka sami wanda ke karyewa daidai lokacin da dugadugansa suka fara zamewa. Na tuna masa cewa Malami ya fi shi nauyi. Ya ce ya sani, amma gara ya karye da wuri.

Wannan mariƙin bai goge shi ba. Daga magagari ya tsaya, ya shafa mai kaɗan don ruwa.

Malami ya juya shi a hannu, ya taɓe baki.

"Tsufa ya kama ka, Labo. Wanga aiki ko makaho ya fi shi."

"Sa hannu ka ji."

Ya sa. Ya ɗaga sandar, ya kaɗa ta. Ta zauna masa a hannu fiye da tsohuwar, kuma bai iya ɓoye hakan ba.

"Wanga ɗan abu na gindi fa?"

Labo ya yi masa bayani, bai rage komai ba.

"Wato ranar da babban ya zo, sai in tsaya in yi mishi sai wata rana."

"Ka tsaya. Shi ke nan abin da nike so."

"Allah Ya shirye ka," in ji Malami, amma ya karɓa. Labo ya tafi da tsohon mariƙin ya sa a murhu.

Rani ya wuce lafiya. Ruwan ya ja baya, gaɓar ta bushe, kifin da ake samu ƙanana ne da matsakaita, turken yana riƙewa. Labo ya koma aikinsa. Na lura ya fara waƙa ƙasa-ƙasa in yana takawa, abin da ban taɓa ji ba.

Bayan ruwan farko da na biyu, ina zaune a rumfar da hantsi, sai ga Malami a kan kabu-kabu, laka har gwiwa, ba sanda. Igiyar tana lilo a wuyan hannunsa da guntun dashi a bakinta. Tun bai sauka ba yake faɗa.

"Ina macucin nan? Fito ka ga aikinka!"

Labo ya fito. Ya dubi guntun turken, ya dubi ƙafafun taubashinsa, ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Alhamdu lillahi? Na ga ramboshin da idona! Kansa ya fi wannan bencin faɗi. Shekara nawa ina jiran shi, ya zo ya kama, sai abin wasanka ya yi ƙas. Ya tahi da sanda, da zare, da ƙugiya, ya bar ni tsaye kamar wanda aka sace wa jaki."

"Tsaye ya bar ka."

"Da na fito da shi."

"Da an fito da kai."

Masu gyaran keke sun taru suna dariya, suna tsammanin wasan taubasai ne. Malami ya kwance igiyar da haƙori ya jefa a ƙasa. Ya juyo gare ni, ya sassauta murya.

"Likita, ka yi mini gafara. Ɗanka sabon hannu ne, Allah Ya jiƙan shi. Ni na san inda nike sa ƙafata."

Labo ya ce zai yi masa wata sandar kafin jibi. Malami ya ce ya riƙe abinsa.

Sandar ba ta ɓace ba. Zaren ya goge a jikin ƙaya ya tsinke daga baya, iska ta koro gorar cikin ciyawa, Malami ya tsamo ta. Mun ji labari, muka jira ya zo a sa sabon turke. Bai zo ba. Ranar kasuwa na hange shi wajen masu ƙugiya da sandar a kafaɗa, na matsa muka gaisa. A ramin da turken dashi yake, ƙusa ce babba, irin ta rufin ɗaki, an buga ta ta ratsa itacen an lanƙwasa bakinta. Igiyar sabuwa ce, ta roba, riɓi biyu.

Na yi tunanin ko in yi shiru. Ban yi ba, na je na faɗa wa Labo.

Ya tafi gidan taubashinsa shi kaɗai, lokacin da ya san Malami yana masallaci, ya roƙi Hindu ta ba shi sandar ko ta ɓoye ta. Ya dawo ya gaya mini abin da ta ce. Ta ce ta riga shi tunani. Ta taɓa ɓoye ta a rumbu bayan rasuwar Sadiƙu, sai Malami ya ɗauki zare da ƙugiya, ya naɗe zaren a hannunsa kai tsaye ya tafi ruwa. Ita da kanta ta bi shi da sandar. Ta ce, "Yaya Labo, ko ka ƙone ta, hannun yana jikinshi."

Labo ya je wurin limamin unguwar su Malami. Liman ya yi wa Malami nasiha, Malami ya saurara da kai a sunkuye, ya ce ya gode, washegari ya tafi ruwa. Labo ya yi maganar kai shi gaban mai gari, sai ya tuna ba laifin da zai ce ya yi. Ni ma na gwada. Na zana wa Malami a ƙasa yadda zaren ke naɗewa, na gaya masa abin da masu tsamowa suka tarar, abin da ban gaya wa mahaifiyar Sadiƙu ba. Ya saurare ni har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Gaskiya ne duka, Likita." Bai cire ƙusar ba.

Damina ta zauna sosai bana. Majiya ta kawo ruwa, Doguwar Gaɓa ta cika ta haura inda ta tsaya bara. Wata safiya na zo rumfar na tarar an lulluɓe injin da buhu, an ɗaure. Mai gyaran keken da ke kusa ya ce Labo ya yi kwanaki ba ya buɗewa sai bayan azahar. Ya ce in ina neman sa, in tafi bakin ruwa.

Tun ranar da aka tsamo ɗana ban koma wurin ba. Na hau moto na tafi.

Gero ya kai ƙugu a gonakin da ke gefen hanya. Na bar moton a gindin wata aduwa na ƙarasa da ƙafa, laka tana kama takalmina. Ruwan ja ne, ba ya motsi, kan itatuwan ƙaya ya ɓace gaba ɗaya. Akwai masu fatsa nan da can, na duba hannuwansu, ba igiya. Malami yana can ƙarshe, inda gaɓar ta fi tsayi, a tsaye, sandar a miƙe. Bayansa, a kan wani dutse, Labo ne zaune da wuƙa tsirara a kan gwiwarsa.

Na zauna kusa da shi. Ya ce da asuba yake zuwa, tare suke tahowa.

"Ka iya ruwa?" na tambaye shi.

"A'a. Ba shiga zan yi ba. Igiyar kawai zan yanke kafin ya tahi."

Na auna tsakaninsu da ido. Ya yi nisa. Kafin mutum mai shekarunsa ya miƙe ya taka wannan lakar, an gama. Na faɗa masa.

"Na sani. Ba ya bari in matsa."

"Inuwarshi tana kore mini kifi," in ji Malami, bai juyo ba. "Ga warin man kaɗe. Likita, ka taɓa ganin mutum da dogari irin wanga? Ko kaza bai iya yankawa, matarshi ke kai wa maƙwabta."

"Kai dai dubi gabanka."

"Ina dubawa. Kai ne jiya ka yi gyangyaɗi har wuƙar ta faɗi."

Labo bai musa ba.

Guntun tumfafiyar ya nutse. Labo ya zabura ya miƙe, ƙafarsa ɗaya ta zame, ya dafa ƙasa da hannun da ke riƙe da wuƙar. Kafin ya daidaita, Malami ya riga ya ɗaga sandar. Ƙaramar tarwaɗa ce, ba ta wuce tafin hannu da rabi ba. Ya cire ta da haƙori da yatsu, ya jefa a buhu, ya dubi taubashinsa da ke durƙushe cikin laka. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Koma gida, Labo," ya ce a hankali. "Kana da aiki."

"Cire ƙusar in koma."

Malami ya sa sabuwar tana a ƙugiya. Ya nuna wani wuri da haɓa, ƙasa da inda muke, inda ruwa ya ci gaɓar ya bar ɗan tudu a jikin bangon, dab da ruwa. Faɗinsa bai wuce tabarmar salla ba.

"Babban ya bar nan. Jiya na ga ya juya can, gindin ƙayar. Gobe can zan sauka."

"Sai mu sauka tare."

"Diba wurin da kyau, ɗan gwaggo. Mutum ɗaya yake ɗauka."

Ya jefa zaren. Labo ya goge wuƙar a wandonsa, ya taka a hankali har bakin gaɓar, ya leƙa tudun. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tambaye ni, ƙasa-ƙasa yadda Malami ba zai ji ba, ko a ganina in mutum ya kwanta rubda ciki a nan sama ya miƙa hannu, zai kai.

Na duba. Na ce masa ban tsammani ba.

Ya kwanta a kan lakar ya gwada.